Jan biro ya cinye mini waƙafi mai ruwa

Maman Husna:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙara na kawo. Ku yi mini alƙalanci. Wata takwas na yi ina fama da littafina na uku, na miƙa wa mai gyara, jiya da yamma ya dawo mini da shi. Labarin bai taɓa ba, sunan kowa bai canja ba, ko a haɗa kalma da raba kalma ma bai samu wani abin kirki da zai gyara ba. Abu ɗaya ya bi shafi-shafi yana tsincewa kamar tsakuwa a shinkafa: waƙafi mai ruwa, wato waƙafin nan mai ɗigo a ka. Wani ya mayar da shi aya, wani ya mayar da shi waƙafi zalla, ko ɗaya bai rage mini ba. A gefen shafin farko kuma ya rubuta wai Bahaushe ba ya magana da wannan alamar. Ni kuwa ina sonta; tun ina sakandare nake sonta; in babu ita sai in ji jimlata ko dai tana gudu ba birki, ko tana tsalle-tsalle kamar kwaɗo. Da gaske ba ta da gurbi a Hausa, ko ra'ayinsa kawai ya ɗora mini?

Auta:
Anti ko a cikin ƙorafin ma sai da kika zuba guda biyu 😂 ni wallahi yau na fara jin sunanta...... a wayata sai na shiga wajen lambobi kafin in gan ta, wa yake da wannan lokacin!!!

Mai Jan Biro:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ba ni ne na gyara miki ba, amma da hannuna littafin ya faɗo, abin da zan yi ke nan ko kusa da haka. Ga dalilina. Aikin wannan alama a Turanci shi ne ta riƙe jimla biyu cikakku, ta nuna wa mai karatu cewa akwai igiya a tsakaninsu ba tare da an faɗi igiyar ba. Mu kuwa igiyar a bakinmu take. Muna da dai, da fa, da kam, da ma, da kuwa, da kuma. Ƙananan kalmomi shida, amma duk wani lanƙwasar zance su suke yi. Duba: "Audu ya tafi. Bala kuwa ya zauna." Wannan kuwa ɗin ya riga ya gaya miki ana gwada mutum biyu ne. "Audu ya tafi. Bala ma ya tafi." Ma ta ɗaure su. Ki ƙara da sai, wadda ita kaɗai tana iya jan labari daga safe har dare. To in kin sa kuwa, kika kuma ɗora waƙafi mai ruwa a gabanta, kin ɗaure akuya ɗaya da turke biyu. Shekara goma sha ina gyaran rubutun mutane, kuma yawancin inda na ga alamar nan, da Turanci aka fara tunanin jimlar kafin a juye ta.

Maman Husna:
Malam, wannan zargi ne mai nauyi fa. Da Hausa nake mafarki.

Malamar Hausa:
Ku bari in shigo da allona. Maganar wai ba ta da gurbi a Hausa, wannan kam ba haka ba ne. Tana cikin alamomin rubutu da muke koyarwa a ƙarƙashin ƙa'idojin rubutu: aya, waƙafi, waƙafi mai ruwa, ruwa biyu, alamar tambaya, alamar motsin rai, baka biyu, alamar zancen wani, karan ɗori, zarce. Abin da aka raɗa wa suna da Hausa, ake koyar da shi a aji, ba a ce masa ba ɗan gida ba. In kuma hujjar ita ce baƙuwa ce, to wace ce ba baƙuwa ba? Duk tarkacen nan tare da boko suka zo. Tun lokacin da Hans Vischer, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko a 1912, zuwa zamanin Hukumar Fassara da aikin su Rupert East a Zariya, zuwa fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, alamomin Turanci aka ɗauko aka ɗora wa harshenmu. Ɗigon aya kansa haka ya zo. Ba adalci ba ne a karɓi tara a kori ɗaya don ta fi wuyar sha'ani.

Amma fa Maman Husna, so hana ganin laifi. Ki liƙo mana sakin layi ɗaya yadda kika rubuta shi tun farko, mu gani da idonmu. Alƙali ba ya yanke hukunci bai ga abin da ake rigima a kai ba.

Maman Husna:
To ga shi, daga babi na biyu:

"Ladidi ta share tsakar gida; ta wanke tukwane; sannan ta ɗora sanwa; amma hankalinta ba ya wurin. Mijinta ya tafi Ikko tun farkon damina; yau ga shi har an kai amfani gida. Ba ta yi kuka ba; uwarta ma ba ta yi ba a nata lokacin."

Mai Jan Biro:
Biyar a layi uku! Hajiya, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Malamar Hausa:
Ukun farko kam ba zan iya kare ki ba, ƙawata. Ta share, ta wanke, ta ɗora, wannan jerin aiki ne na mutum ɗaya a zama ɗaya, haka Hausa take jero aiki tun a tatsuniya, waƙafi zalla ya ishe shi. Mace mai aikin gida da hankalinta ya tafi wani wuri hannunta ne ke gudu shi kaɗai, ke kuma kin bi kin dasa mata shinge a kowane taki. Na gaban amma shi ma bai da aiki, amma ɗin ta riga ta juya akalar. Na huɗu ana iya ja. Na biyar kuwa ni ina bayanki.

Mai Jan Biro:
Na biyar ɗin ma ban yarda ba. "Uwarta ma." Ga ma nan a zaune tana aikinta. Sa aya, babu abin da ya ragu.

Maman Husna:
Akwai abin da ya ragu, Malam. In na sa aya, labari biyu na bayar: ga abin da Ladidi ba ta yi ba, ga abin da uwarta ba ta yi ba. Ni kuwa labari ɗaya nake nufi. Rashin kukan nan gado ne; daga ɗakin uwar ya taso ya shigo ɗakin 'yar. Ba na son mai karatu ya sauke numfashi a tsakaninsu. In kuma na sa waƙafi zalla, sai ya wuce da gudu kamar lissafin cefane, bai ji nauyin ba.

Mai Murya:
Bari in faɗi nawa, don ni ce nake shan wahalar rubutunku. Shekara shida ina karanta littattafai a bainar jama'a, da can a rediyo, yanzu a YouTube. Na ɗauki jimlar nan ta ƙarshe na karanta da ƙarfi sau uku a ɗaki, har yarana suka leƙo. Kun san muryar Bahaushe a cikin jimla gangara take yi, tana farawa sama tana sauka a hankali, in an kai aya ta dire ƙasa, sabuwar jimla ta sake ɗaukowa daga sama. Da na karanta da aya, "uwarta" ta fito da sabon ƙarfi kamar an buɗe sabon zance. Da waƙafi zalla, muryata ta rataye a kan "ba", kamar akwai jerin abubuwa a gaba. Da waƙafi mai ruwa kuwa na sauke murya amma ban ja sabon numfashi ba, sai rabin na biyu ya fito ƙasa-ƙasa, kamar mai faɗar abin da ba a son a ji. Wannan karatun na uku ya fi. Don haka a wannan jimlar ina tare da Yaya Maman Husna.

Sai dai ku ji gaskiya, da waƙafi mai ruwa ne kaɗai matsalata da na yi sadaka. Littattafan da ake turo mini daga WhatsApp da Wattpad, wani sai ki yi shafi guda ba aya ko ɗaya, sai ɗigo-ɗigo jere kamar sawun kaza. Ba ki san inda Hajiya ta gama faɗa 'yar aiki ta fara ba da haƙuri ba. Sai na zauna da biro na yi wa littafin alamomi da kaina kafin in kunna na'ura, wani lokacin gyaran ya fi karatun cin lokaci.

Auta:
Anti Mai Murya da ni kike ko...... ai ɗigo-ɗigon nan shi ne yake nuna mutum yana cikin wani yanayi

Mai Murya:
Uku ake sawa, ƙanwata, sunansa zarce, kuma sai inda zance ya yanke ko aka bar saura. Ke kuwa shida kike zubawa ko gaisuwa za ki yi.

Gardi:
Allah ya gafarta malamai, almajiri zai sa baki. Kuna ta cewa baƙuwa ce, baƙuwa ce. Jikin alamar baƙo ne, na yarda, amma ku dubi sunayen da aka sa musu. Aya, daga ina? Daga allo. Waƙafi, daga ina? Waƙafin karatu ne, tsayawar da mai tilawa yake yi. Ruwa kuma fa? Duk wanda ya yi babbaƙu a makarantar allo ya san ruwa shi ne ɗigo: ha mai ruwa, shin mai ruwa. To waɗanda suka raɗa wa alamomin boko suna ba daga sama suka tsinto ba, jakar tsangaya suka zazzage. Kuma Larabawa ma haka suke kiranta da harshensu, waƙafi mai ɗigo, sai dai nasu wutsiyar sama take kallo. Su ma ba su daɗe da ita ba, Ahmad Zaki Basha na Masar ne ya tsara musu alamomin rubutu na zamani a 1912.

Abin da ya fi ja mini hankali shi ne bayanin Malama Mai Murya. Masu cewa tsayawa iri biyu ce kawai, babba da ƙarama, su buɗe Mus'hafi. Tun zamanin Sajawandi, wanda ya rasu a 1165, malamai suka karkasa tsayawa hawa-hawa. A bugun Madina za ka ga mim, tsayawa dole. Ka ga lam'alif, kar ka tsaya. Ka ga jim, ko ka tsaya ko ka wuce duk ɗaya. Akwai inda tsayawa ta fi, akwai inda wucewa ta fi. Sannan akwai sakta, wadda a ruwayar Hafsu take wuri huɗu: ka yanke sauti ɗan kaɗan ba tare da ka ja numfashi ba. Ɗaya tana cikin Yasin, aya ta 52, inda ake yin ta don a raba maganar waɗanda aka tayar daga kabari da amsar da aka ba su. Ba ina haɗa Littafin Allah da littafin Ladidi ba ne, Allah ya tsare. Ina dai cewa kunnen Bahaushen da ya yi karatu ya san tsayawar da ba a jan numfashi a cikinta tun kafin Bature ya sauka Lakwaja.

Malamar Hausa:
Alaramma, Allah ya ƙara sani. Shekara nawa ina rubuta "mai ruwa" a allo, ban taɓa haɗa shi da shin mai ruwa ba. Gobe sai 'yan aji uku sun ji wannan.

Mai Jan Biro:
Na karɓi wannan, Alaramma, hujja ce. Sai dai ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: wuri huɗu. A cikin izu sittin, huɗu. Hajiya kuma biyar a layi uku.

Basakkwace:
Ni dai wanga zance ya ishe ni dariya. Mutanen da ba su iya raba ta fi da tafi ba, su anka zo ma da waƙafi mai ruwa? Ka ga mutum ya rubuta Gaskiya tafi Kwabo, kamar gaskiyar ce aka aika wani gari. Ya yi ya koma yayi, ba ta ta koma bata, ita kuma bata ba ka sani ba ko ɓata ake nufi tunda ƙugiya ma an yar. Ku fara gyara ƙofa kafin ku yi gardamar labule.

Malamar Hausa:
Ba ƙarya ka yi ba, Yaya. A insha'in yarana haɗa kalma da raba kalma ne ke cinye makin, ba waƙafi ba. Amma zauren marubuta ne nan, in ba mu yi gardamar labule ba wa zai yi?

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga wannan ɓangare. Mu nan namu ciwon daban ne. A lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci muka koyi rubutu, kuma mushe, wato malami, in yana yi mana dikte, alamomin ma faɗarsu yake yi da baki, ka ƙi sawa a rage maka. Faransawa na son alamar nan sosai, saboda haka mu ba ta ba mu tsoro. Sai dai ƙa'idarsu ita ce a bar ɗan fili kafin a sa ta, haka ma kafin ruwa biyu da alamar tambaya da ta motsin rai. Shi ya sa in kun ga Hausar da aka rubuta "Ina kwana ?" da fili a tsakani, kar ku yi wahalar tambaya, ɗan Nijar ne. Zancen wani kuma a cikin « » muke sa shi. Na taɓa aika gajeren labari wata gasa a Nijeriya, aka dawo mini da shi an toshe duk filayen nan ɗaya bayan ɗaya, an kuma mayar mini da ƴaƴa zuwa 'ya'ya. An yi taro a Bamako a 1966, an yi a Yamai a 1980 don a daidaita rubutun ƙasashen biyu, amma hannun kowa inda malaminsa na firamare ya ɗora shi nan yake. Yanzu da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a 2025, ina jiran in ga takardun hukuma da za su fito da ita, ko da filin za su zo ko babu.

Barista:
Ranku ya daɗe, ku marubutan labari kuna iya zaɓa. Mu a wajen aikinmu ba ado ba ce. Ga misali, a ce mutum ya bar wasiyya ya rubuta: "A raba kuɗin nan daidai tsakanin Sani, ɗan ƙanena, Binta, mai yi mini hidima, da limamin unguwa." Mutum nawa ne? In Sani shi ne ɗan ƙanen, Binta ita ce mai hidimar, mutum uku ne. In ba haka ba, biyar. Mai maganar kuma yana ƙasa, ba a tambayo shi. Yanzu duba: "Sani, ɗan ƙanena; Binta, mai yi mini hidima; da limamin unguwa." Rigima ta ƙare kafin ta fara. Duk jerin da ke da waƙafi a cikin cikinsa, sai da babbar yayar waƙafi ake raba shi. A nan babu dai ko kam da za ta cece ka, Malam Mai Jan Biro.

Kuma abin ya taɓa faruwa da gaske. A jihar Maine ta Amurka, direbobin wani kamfanin madara sun kai ƙara kan kuɗin aikin bayan lokaci. Dokar jihar ta jero ayyukan da ba a biyan wannan kuɗi a kansu, amma babu waƙafi kafin abu na ƙarshe, sai ya zama ba a san ko rarraba kaya aiki ne mai zaman kansa a jerin ba, ko kuwa ɗaure kaya don rarrabawa ake nufi. Direbobi suna rarrabawa, ba sa ɗaurewa. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a 2017, kamfanin ya sasanta da su a kan dala miliyan 5 a 2018. Abin da zai yi wa Hajiya daɗi: da majalisar jihar ta tashi gyara dokar, waƙafi mai ruwa ta bi ta sa tsakanin kowane aiki da na kusa da shi.

Mai Jan Biro:
A jeri irin wannan ban taɓa musu ba, Barista, ni ma nakan sa. Amma Ladidi ba wasiyya take rubutawa ba, tsakar gida take shara.

Basakkwace:
Barista, ai mu ma nan an yi irin ta a 2023, da anka kai har Kotun Ƙoli ana jayayya kan kalma guda a sashe na 134 na Kundin Tsarin Mulki, batun kashi 25 na ƙuri'un Abuja.

Sarkin Zaure:
Yaya Basakkwace, a tsaya nan. Dokar zaure ta hana siyasa, kuma waccan kalma ce ba alama ba. A koma kan Ladidi.

Injiniya:
Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda kuke maganarta kamar wata 'yar gayu. A wajenmu lebura ce. A harsunan kwamfuta irin su C da Java, kusan kowane umarni da ita ake rufe shi, ka manta guda ɗaya aikin gaba ɗaya ya ƙi tashi. Na taɓa kwana a kan wannan ina ɗalibi, sai da asuba na gano layin. Python ne ya zo ya 'yanta mu. Girkawa kuma, alamar tambayarsu kamanninta ɗaya da ita sak, saboda haka da Bagirke zai ga littafin Anti sai ya ɗauka Ladidi tambayoyi take ta jerowa. Asalinta dai a wajen masu ɗab'i take, wani mai maɗaba'a a birnin Fenis na Italiya, Aldo Manuziyo, shi ya fito da ita a bugu wajen 1496. Wato shekara ɗari biyar ke nan ana neman tsayawar da ta fi waƙafi ba ta kai aya ba.

Auta:
Ni fa yanzu duk rubutun Hausar da na ga wannan alamar a ciki sai in ce ChatGPT ne ya rubuta 😂 mutum na gaske ba ya sa ta

Maman Husna:
Auta, lokacin da na fara sa ta a littafin insha'i, ko wayar salula ba ta shigo garinmu ba. Wannan magana tana yi mini ciwo fiye da jan biron. Mutum ya ɓata shekaru yana koyon tsabtace rubutunsa, yau a ce tsabtar ce shaidar ba shi ya yi ba.

Mai Murya:
Rabu da ita, Yaya. In an biye wa wannan, gobe ƙugiyar ƙ ma za a ce ta na'ura ce.

Gardi:
Na dawo, don wani abu ya faɗo mini ina alwala. Malam Mai Jan Biro ya ce Bahaushe kullum igiyar zancensa a bakinsa take, da kuwa da ma. Ba kullum ba. Ku saurari karin magana. "Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki." Ina kuwa a nan? Ina saboda? Babu. Jimla biyu ne cikakku, kowace tana iya tsayawa da ƙafarta, an jingina su ba tare da kalmar haɗi ba, an bar wa mai ji ya ƙulla da kansa, kuma a ƙullawar nan dariyar take. Ga wani: "Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura." Tsohuwa in za ta faɗe shi, takan ɗan dakata a tsakiya ta kalle ka, sannan ta sako rabin na biyu. Wannan dakatawar ba aya ba ce, don in ka tafi a nan ba ka ji komai ba. Ta kuma fi waƙafi, don a cikinta ake ɗana tarkon. Mun saba rubuta su da waƙafi zalla saboda haka muka tarar, amma in akwai inda waƙafi mai ruwa ya dace da bakin Bahaushe, to nan ne.

Malamar Hausa:
"Abin nema ya samu; matar falke ta haifi jaki." Kai! Ya zauna kamar don shi aka ƙera ta.

Mai Jan Biro:
To, Alaramma ya kama ni a hannu. Na janye rabin maganata. Inda aka jingina jimla biyu ba kalmar haɗi, ana son mai karatu ya ƙulla da kansa, na yarda tana da aiki. Amma wannan ma ai hujjata ce ta wata fuskar. In haka ne, jimlar Hajiya ta biyar ba ta cika sharaɗi ba, tunda ma tana ciki. Ta huɗu ce ta cika: "Mijinta ya tafi Ikko tun farkon damina; yau ga shi har an kai amfani gida." Ba a ce bai dawo ba, ba a ce bai aiko ba, an ajiye damina a nan, an ajiye kaka a can, mai karatu ya ƙirga watannin da kansa. Wannan zan bari. Ta biyar kuwa, ko a cire alamar a bar ma, ko a cire ma a bar alamar.

Maman Husna:
A cire ma? "Ba ta yi kuka ba; uwarta ba ta yi ba a nata lokacin." A'a, Malam, wannan ba Hausa ba ce, ta zama kamar an fassaro ta. Ma ɗin dole ce.

Mai Jan Biro:
Kin ga abin da nake faɗa ke nan. Harshen da kansa ya zaɓi ma. Alamar ce ta zo daga baya tana neman wurin zama.

Mai Murya:
Ba aiki ɗaya suke yi ba, Malam. Ma tana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa uwa da 'ya abu ɗaya suka yi. Alamar tana gaya wa ƙirjina kar in ja numfashi. Kai da ido kake gyara, ni da huhu nake karantawa. Ka gwada faɗarta da ƙarfi kafin ka ba ni amsa.

Mai Jan Biro:
Ina cikin motar haya yanzu, in na fara "ba ta yi kuka ba" da ƙarfi sai a sauke ni a Kwanar Dangora. Sai na isa gida.

Basakkwace:
Ashe dai labulen na da zance. Na yi shiru.

Maman Husna:
Na gode muku duka. Daren jiya ban yi barci da wuri ba, na ɗauko kwafina na asali na bi babi biyun farko ina karantawa da ƙarfi kamar yadda Mai Murya ta ce. Kunya ta kama ni, don yawancinsu a gaban amma da sannan da sai na dasa su, wuraren da ko tari ba a yi. Waɗannan na bar wa mai gyara, ya yi gaskiya. Guda shida na ware na mayar, har da ta huɗu da ta biyar ɗin nan, na tura masa da dalilin kowace. Da safen nan ya amso ya ce ya yarda da huɗu, biyu kuma sai mun zauna. Ta kukan Ladidi tana cikin biyun.

Malamar Hausa:
Ki tafi masa da muryar Mai Murya a waya, ya ji da kunnensa.

Mai Murya:
Turo mini babin gaba ɗaya, Yaya, in ɗauka miki iri biyu, da aya da kuma yadda kike so. Kar ki gaya masa wanne ne wanne.

Auta:
Anti na nemo ta a wayata na gwada; ban ji komai ba

Mai Jan Biro:
Auta, wannan kam ko ni ba zan goge ba. Saura aya a ƙarshe.